Zanen Gado a Gaban Katafila

"Ka ce mini wasa kake yi."

Dogo mai walda ya tura gilashinsa zuwa goshi ya dubi Auta. Ƙafar bencin da yake liƙawa tana hayaƙi a tsakaninsu.

"Wasa kuma? Gobe da safe katafila za ta shigo filin nan, ni kuma zan kwanta a bakin hanyarta."

"Kwanciya..."

"Kwanciya, sanyin idona. Lauyanmu ya ce duk wanda ya tsaya a tsaye, faɗa za a ce ya zo yi, a jefa shi a mota. Amma mutumin da ya kwanta ya naɗe hannuwansa, wa zai ce ya daki wani?"

Auta ta juya ta kalli filin.

Tsohon wurin ajiye motocin hukuma ne, aka watsar da shi har ya zama juji. Mutanen unguwa suka gaji da wari, suka haɗa kai suka share shi. Yara suka sami wurin ƙwallo, tsofaffi suka sami inuwa, mata suka yi kwamin alayyafo a gefe. Goggonta mai wanki ta kafa igiyoyin shanya. A nan ma ta fara ganin Dogo, ranar da tartsatsin waldarsa ya ɓula wa Goggo zanen gado. Ya zo ban haƙuri, kuma har yau bai gama ba.

Sai ga wani kamfani ya ce an ba shi filin. Magana tana kotu. Amma masu kamfani sun san duniya: alƙali ya fi jin nauyin rushe katangar da ta riga ta tsaya a kan hana a gina ta. Don haka suke son su share wurin su kewaye kafin a zauna.

"Ka kuwa san wanda zai tuƙa katafilar," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Dogo ya yi dariya.

"Ai shi ya sa hankalina a kwance yake. Babanki ne fa. Mutumin da ya taɓa tsayar da aiki don kaza ta yi ƙwai a gabansa? Yana hango ni zai tsaya."

Yana hango ni.

Auta ta kau da kai. Abin da ta sani, babu wanda ya sani a unguwar. Tun bara yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Ita ce take sa masa kofin shayi a tafin hannu don kada baƙo ya ga yana laluba. Ita ce take wucewa gaba da takalmi mai ƙara idan za su fita, shi kuma yana bin sautin kamar mai tafiyar ƙasaita. Aiki kuwa hannunsa ya haddace shi, ta kujera yake jin yanayin ƙasa. Babban abu mai haske yana ganin inuwarsa. Amma abin da yake kwance a ƙasa, ko saniya ce, babu.

Kuma ya sa ta yi masa alkawari. "Ranar da maganar nan ta fita daga bakinki, ki nemi wani uban."

"Don Allah ka tsaya a tsaye," ta ce. "Ko ka hau benci. Ka hau bishiya ma in kana so. Kada dai ka kwanta."

"Me ya sa?"

"Haka nan..."

"Haka nan ba dalili ba ne."

"Idan kana so na, ya ishe ka dalili."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ajiye sandar walda a hankali.

"Baba ne ya aiko ki?"

"Haba, Dogo."

"To me? Mata sun yarda za su zauna da goyonsu a rana, tsofaffi za su fito da sandunansu, ni da na tara su sai in koma kan bishiya kamar biri? Ki faɗa mini gaskiya, Auta. Filin kike ji wa tsoro, ko aikin mahaifinki?"

Maganar ta zo mata har bakin haƙori. Ta haɗiye ta, hawaye suka fito a madadinta.

Ya ja gilashinsa ya rufe fuska. Namiji idan ya ga kuka bai san dalilinsa ba, aiki yake komawa.

Bayan la'asar ta tarar da Baba a ƙofar ɗaki yana goge takalmin aikinsa. Fuskarsa tana fuskantar filin.

"Goggonki ba ta kwashe shanya ba har yanzu," ya ce.

Kullum sai ya faɗi wani abu a kan shanyar nan. Fararen zannuwan gadon ne kaɗai abin da idonsa yake iya kamawa daga nesa, shi ya sa yake ambatonsu, don a san yana gani.

Ta durƙusa a gefensa.

"Baba, Dogo ya ce gobe zai kwanta a gaban katafila. A cikin ciyawar bakin hanya."

Hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba da guga.

"Barazana ce. Na tsufa a kan ƙarfen nan, ban taɓa ganin wanda bai tashi ba. Kowa jarumi ne har sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin haƙarƙarinsa."

"Shi kuma ya ce za ka gan shi ka tsaya."

Baba ya ɗauki ɗaya takalmin ya hau guga.

"Ka ce wa masu kamfanin ba ka da lafiya..."

"Su kai ni wurin likitansu ya haska mini fitila a ido? Ke yarinya ce. Yara matasa suna nan birjik suna jiran in yi tuntuɓe su haye kujerata." Ya ja numfashi. "Kina tsammani so nake yi? Ni na kwashe jujin nan da hannuna, ranar hutu na ari katafila na share musu. Kamfanin ya san haka. Sun zaɓe ni ne don sun san mutanen unguwa ba za su jefi nasu ba."

"To ka bar ni in gaya wa Dogo. Shi kaɗai."

"Shugaban masu filin? In miƙa masa wuyana?" Ya juyo, idanunsa suka sauka kusa da kafaɗarta, ba a fuskarta ba. "Zan tafi a hankali. Zan sa ta yi ruri tun daga nesa, zai tashi da ƙafarsa. Ke dai ki riƙe bakinki, Autata. Ni da ke kaɗai muka rage wa juna."

Da safe filin ya cika. Mata a kan tabarmi, tsofaffi a kan bencina, babu mai ɗaga murya. Motar 'yan sanda tana can gefen titi, wakilin kamfani yana jingine da ita yana danna waya.

Auta ta tsaya kusa da Goggo a wajen igiyoyin shanya. Ta ga Dogo ya nufi bakin hanya, inda ciyawa ta yi tsayi bayan ruwan sama. Kayan aikinsa ne a jikinsa, masu duhun nan da baƙin mai ya rina. Ya waiwayo ya dube ta sau ɗaya, sannan ya kwanta.

Ciyawa ta haɗiye shi. Ita da take da ido biyu lafiyayyu, da ƙyar take gane inda kansa yake.

Katafila ta yi ruri.

Ƙasa ta amsa har cikin ƙirjinta. Baba ya sauke ƙarfen gaba, ta fara tahowa tana naɗe ciyawa da ƙasa. Ya ƙara mata wuta, baƙin hayaƙi ya tashi sama. Yana cewa ka tashi. Dogo kuwa ya naɗe hannuwa a ƙirji, yana cewa ka tsaya. Kowannensu yana jiran ɗan'uwansa.

"Rabu da Yaya," in ji Goggo, tana matse wani zani. "Tsorata yaron yake yi. Surukan zamani sai an gwada musu ƙarfe."

Wani tsoho ya ce, "Yanzu zai tsaya."

Bai tsaya ba.

Tulin ƙasa yana ta girma a gaban ƙarfen, yana mirginowa. Auta ta ga kan Baba a can sama, ya miƙa wuya gaba, yana ƙifta ido kamar mai neman allura a cikin hayaƙi. Neman mutum a tsaye yake yi, mutum mai gudu. Tunda bai ga kowa ba, a zatonsa hanya ta buɗe.

Ta damƙi hannun Goggo.

"Ba ya gani."

"Me?"

"Baba ba ya gani, Goggo! Idonsa ya tafi!"

Zanin ya faɗi daga hannun Goggo. Suka ƙwalla ihu tare, ƙarar injin ta cinye shi. Idan ta ruga ta tsaya a gabansa da wannan atamfa mai duhu, su biyu zai taka.

Iska ta kaɗa wani abu ya mari fuskarta. Jiƙaƙƙen zanen gado, fari tas.

Ta fizge shi, igiyar ta tsinke.

"Kama can gefen!"

Goggo, da nauyin jikinta da ciwon gwiwarta, ta yi gudun da ba ta yi ba tun tana budurwa. Suka tsallake Dogo, ɗaya ta kansa ɗaya ta ƙafarsa, suka ɗaga zanen sama iya tsawon hannuwansu.

Auta ta runtse ido. Zafin injin yana dukan fuskarta ta cikin zanen. Ƙasa mai sanyi ta zubo mata a kan yatsun ƙafa, ta hau idon sawu. Ta kira sunan Allah, ta kira mahaifiyarta da ke kabari.

Ƙarfe ya yi wata ƙara, katafila ta girgiza, ta tsaya.

Injin ya mutu. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro.

Baba ya sauko yana laluben mataki da ƙafa. Ya zagayo yana dafa ƙarfe, ya tsaya a gabanta, kusan numfashinsu yana haɗuwa.

"Wane ne nan?"

Duk filin suka ji. Uba a gaban 'yarsa da rana tsaka yana tambayar wace ce.

"Ni ce, Baba..."

Ya matsa zai kamo ta, ƙafarsa ta ci karo da wani abu mai laushi. Ya durƙusa ya shafa. Ƙasa ta riga ta binne Dogo har gwiwa. Hannun Baba ya bi rigar, ya hau wuya, ya sami fuska.

"Kana numfashi?"

"Ina... ina yi, Baba."

Baba ya zauna daɓas a cikin taɓo.

Wakilin kamfani ya iso yana kumfar baki. "Wa ya ce ka tsaya? Koma ka tayar da ita!"

Baba ya miƙe a hankali. Ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa, amma ba wajen da mutumin yake ba, wajen da babu kowa. Bai gyara ba ko da ya ji muryar ta wani gefen take.

"Karɓi abinku. Ka koma ka gaya wa iyayen gidanka, makaho suka ɗora a kan ƙarfe, ya kusa niƙe mutum a gaban 'yan sanda da jama'ar unguwa. In alƙali ya kira ni, haka zan faɗa masa da bakina."

Wakilin ya dubi 'yan sandan, ya dubi wayoyin da aka ɗaga ana ɗauka. Ya san abin da zai iya wankewa da wanda ba zai iya ba. Ya karɓi makullin ya juya.

Samari suka tono Dogo. Ya taso ya tsaya a gaban Auta.

"Kin sani tun jiya."

"Tun bara."

"Ni kuma na ce..." Muryarsa ta karye. "Ki yafe mini, rabin raina."

Ta wuce shi. Ta durƙusa ta kama ƙafar mahaifinta.

"Baba, na karya alkawari. Na faɗa."

Ya laluba ya sami kanta, ya bar hannunsa a wurin.

"Na ce ki nemi wani uban," ya ce. "Da kin ji maganata, da yau mai kisan kai kike kira Baba. Tashi, Autata."

Goggo tana kuka tana kakkaɓe zanen da ya zama ja da laka. Ta cilla wa Dogo a ƙirji.

"Zane na biyu ke nan da na yi asara saboda kai. Wannan kai za ka wanke shi."

Dariya ta ɓarke a cikin masu hawaye. Baba ya miƙa hannu cikin iska.

"Ina mara jin maganar nan? Zo ka kama ni."

Dogo ya sa hannu biyu ya riƙe shi.

"Kai ni bencin da ka ƙera, in ji ko ka iya aiki. Gobe ka raka ni wurin likitan ido, na gaji da ɓuya. In mun dawo, ka turo manyanka."

Suka nufi inuwa a hankali. Auta ta wuce gabansu kamar yadda ta saba, tana buga takalminta don ya ji hanya.

"Bar ƙarar nan haka," in ji Baba, hawaye yana bin gemunsa. "Dawo gefena. Kowa ya riga ya sani."