Gawon Kwanar Gabas

Rana ta kusa faɗuwa a Biltin. Zenaba tana kwashe tuwon gero a tsakar gida, mijinta Fadul Annur ya miƙe ƙafa a tabarma yana jiran shayi, kafaɗunsa duk ciwo. Wata uku ke nan da filin sukuwar bayan gari ya zama nasa, kuma a ranar ce ya sare tsohon gawon da ke kwanar gabas don dawaki su sami wurin juyawa. Leburori sun ƙi taɓa itacen, shi ya karɓi gatari da kansa.

Dutsen farko a kan butar shayi ya sauka, garwashi ya watse.

"'Ya'yan uban wa ke jifa?" in ji Fadul. Ya leƙa bayan katanga, ko akuya babu.

Na biyu ya sami Zenaba a goshi. Ta durƙushe, jini yana ɗiga cikin ƙwaryar tuwo. Da Fadul ya ɗauki dutsen sai ya yar da sauri, don zafinsa kamar daga murhu aka ciro shi, kuma jar ƙasar filinsa ce manne a jiki.

Kwana uku ana haka. Da an kira magariba sai gidan ya yi tsit, kaji su yi lamo, sannan a ji kofatai suna zagaya katanga, a hankali, ba doki ba mahayi. Rana ta uku Sarukh, dokin da Fadul ya fi ji da shi, ya yi ta harbin bangon barga har ƙashin ƙafarsa ya ɓullo waje. Fadul da hannunsa ya harbe shi, yana kuka.

Rana ta huɗu abin ya shiga Ashta, 'yarsu ɗaya tilo. Tana alwala ta saki buta, ta faɗi bisa hannuwa da gwiwoyi, ta shiga zagaya tsakar gida da gudu har fatar gwiwarta ta saluɓe. Uwar ta tare ta, yarinyar ta cije ta a damtse, ta tofar da tsoka. Sai da maza huɗu suka danne ta.

"Uban Ashta," in ji Zenaba, "me ka taɓo mana?"

Fadul ya miƙe tsaye. Ya hau mota ya nufi Abeshe.

Washegari da la'asar ya dawo da Faki Bishara, wani tsohon malami siriri mai ido ɗaya. Fakin ya sa aka zaunar da yarinyar, ya ce uban ya riƙe hannunta, ya fara karatu ba gaggawa. Ya daɗe yana yi. Can Ashta ta ɗago kai ta yi dariya, da muryar da ba tata ba, kakkaura kamar daga rijiya.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai fili."

"Fadul na da takarda."

"Waɗanda suka riga shi ma da takarda suka zo. Na farko Bature ne, kwamanda. Da bulala ya sa mutane suka share wurin. A kwanata dokinsa ya kayar da shi, wuya ya karye. Sai Alhaji Senusi mai shanu, mutumin kirki, shekara ashirin ko reshe bai karya mini ba. Da yaƙi ya zo wani kanar ya harbe shi a bakin fili ranar sukuwa, mutane na kallo, ya ce wurin ya zama nasa. A jikin gawona yake ɗaure mutane yana harbewa. Na ƙone shi cikin motarsa. Matar Senusi ta karɓo filin a kotu, ta sayar wa wannan." Idanun suka juyo kan Fadul. "Ko kanar bai rushe mini gida ba. Kai ka rushe, da 'ya'yana a ciki."

Fadul ya ce, "Wallahi ban sani ba."

"Leburorinka sun gaya maka. Ka ce musu matsorata."

Fakin ya ce, "Yarinya ba ta sare maka komai ba. Faɗi abin da za ka karɓa ka fita."

"Mahayi ɗaya duk shekara, a kwanar."

"Ba ka samun rai a wurina."

"To a yanka mini baƙin sa."

"Ba a yanka sai don Allah." Ya koma karatu da ƙarfi. Ashta ta sandare, ta yi ƙara har ƙwarya ta faɗo daga rataye, jini ya ɓalle mata ta hanci.

"Tsaya! Tsaya! A bar mini kwanar. Kada kofato ya sake taka ta."

Fakin ya dubi Fadul. Ba kwanar gabas, ba sukuwa, duk su biyun sun sani.

"Na bari," in ji Fadul. "Har abada."

"A haɗa da hannun da ya riƙe gatari," in ji muryar.

"Wannan babu shi a ciki," in ji Fakin. "Fita, da sunan wanda ya halicce ka."

"Na fita."

Sai yatsun Ashta suka matse hannun uban. Fadul ya ji ƙasusuwansa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya kamar busasshen kara. Bai fizge ba, don ya ji abin yana ja yana fita, yana tsoron in ya saki ya fasa. Ya cije leɓe har ya huda. Wata iska ta bi ta kan katanga ta yi gabas, yarinyar ta sulale a jikinsa.

A ranar Juma'a aka ja ƙaya aka toshe kwanar. Masu dawaki suka koma wani gari da sukuwarsu, ciyawa ta cinye filin, ba wanda ya ƙara tayawa. Hannun Fadul kuwa bai sake riƙe linzami ba.

Ashta ba ta tuna komai ba. Da ta farfaɗo a yammacin nan, ta ga uwarta da ɗauri a damtse, ta ga hannun uban ya kumbura ya yi baƙi, yatsun sun karkace.

"Abba, wa ya yi maka haka?"

Zenaba ta sunkuyar da kai. Fadul ya sa hannun hagu ya share wa 'yarsa jinin hanci.

"Doki ne ya taka ni," ya ce. "Tashi ki sha ruwa."