Gobarar Ajin Kara

Barira na durƙushe a gaban mai gari, toka duk ta ɓata mata zane. A ƙauyen nan na kusa da Tsarnawa, lakwal, wato makarantar boko, aji ɗaya ce tak, ta karan gero, a filin da mijinta ya bayar kafin ya rasu. A bakin filin take suyar ƙosai. Jiya da azahar, bayan an tashi yara, ajin ya ƙone ƙurmus.

"Wutar murhunta ce!" in ji Takama, ƙanen marigayin. "Da idona na gani!"

"Baban yara, ka ji tsoron Allah... Ɗiyata Surayya a ciki take karatu. Mi zai sa in yi sakaci da shi?"

Ba wanda ya saurare ta. Aka hana ta suya. Mata suka daina amsa gaisuwarta a rijiya. Da iyaye suka kafa sabuwar rumfa, suka rantse ƙafar Surayya ba za ta taka ta ba. Takama kuwa ya nemi a ɗauke lakwal gaba ɗaya, a ba shi filin ya noma. Kullum da safe yarinyar kan laɓe bayan zana tana bin karatu da leɓe, uwar na hango ta, hawaye na zuba. "Ya Allah, kai ka san gaskiyata..."

A mako na uku malamar ajin, Madam Kubura, ta yi sallama a gidan Barira. "Taso, Inna, mu je wurin mai gari."

A gaban jama'a ta ajiye littattafai uku. "Ƙa'ida ce, kowane yaro a aji yake barin littafinsa. Arba'in da bakwai sun ƙone. Waɗannan na 'ya'yan Takama ne, ko hayaƙi bai taɓa su ba. Yaran sun ce ubansu ya umarce su su taho da su gida ranar. Takama, mi ka sani wanda mu ba mu sani ba?"

Takama ya shiga kame-kame. Kafin la'asar ya amsa cewa shi ya cinna wa ajin wuta, jandarmomi suka wuce da shi Konni.

Mai gari ya sunkuyar da kai. "Barira, mun zalunce ki. Ki yafe muna."

Ta share fuska da bakin gyale. "Na yafe, ranka shi daɗe." Sai ta juya ga malamar. "Madam, gobe ƙarfe nawa Surayya za ta zo?"