Muryar da Ba Ta Mama Ba

Ranar da Baba ya shigo da ƙaramin kwali a hammatarsa, kowa a gidan ya bar abin da yake yi. Babbar yarinyar gidan ta ajiye littafin lissafinta. Ƙanenta Auta ya taso a guje har ya taka wa Kaka ƙafa.

Abin da ke cikin kwalin fari ne, dunƙulalle, bai fi lemo girma ba. Yana da baƙin ido guda ɗaya, da 'yar fitila a ƙarƙashin idon.

"Kyamara ce, sabuwar fitowa," in ji Baba. "Tana haɗe da intanet. Idan Mamanku tana asibiti wurin aiki, za ta ga falon nan a wayarta. Har magana za ta iya yi muku."

Ya ɗora ta a kan kabad. Ya ce idan fitilar koriya ce, babu mai kallo. Idan ta koma shuɗiya, to Mama ce ko shi.

Kaka ta taɓe baki. "Ni dai ban yarda da abin da ba ya ƙifta ido ba."

Baba mutum ne mai mantuwa. Yakan nemi tabaransa alhali yana kan hancinsa. Don haka ya rubuta lambar sirrin kyamarar a 'yar takarda, ya manna a ƙasanta.

"Kada wanda ya taɓa ta," ya ce. "Kun ji ko?"

"Mun ji, Baba."

Kwanakin farko daɗi ne zalla. Da yara sun dawo daga makaranta, sai fitila ta yi shuɗi, Mama ta ce, "Auta, na gan ka! Sauko daga kan teburin nan." Auta ya yi ta dariya yana ɓuya a bayan labule.

Mai shagon da ya sayar musu ya saka lambar Mama a wani zaure na waya. Mutanen da suka fara sayen kyamarar ne a ciki, sun kai ɗari uku, kowa yana faɗin yadda ya same ta. Wata ta ce ta kama kyanwarta tana satar kifi. Wani ya ce muryarsa tana fita kamar daga cikin rijiya. Mama takan karanta musu su yi dariya.

Yarinyar kuwa akwai son a san da ita. Ta ji lallai ita ma sai ta faɗi nata.

Ran Asabar, Mama tana yi wa Auta wanka, ta ɗauki wayar ba tare da izini ba. Ta kunna bidiyo, ta gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Jama'a, ga tamu. Ga gabanta. Ga bayanta. Ga kuma ƙasanta."

Ta juya kyamarar sosai, takardar Baba ta fito tar. Ta tura bidiyon cikin zauren. Da ta ji motsin Mama, sai ta yi sauri ta goge shi. Ba ta san daga wayar Mama kaɗai ta goge ba. Yana nan a wayoyin mutum ɗari uku.

Ran Litinin da yamma, Mama tana kicin. Wayarta tana caji a kan tebur. Baba yana tsakar gida yana wanke mota, hannunsa duk kumfa. Yarinyar tana shara a falo, sai ta ɗaga kai.

Fitilar shuɗiya ce.

Ta dubi wayar Mama. A kashe fuskarta take. Ta leƙa taga, ga Baba da soso a hannu. Ta sake duban kabad.

A hankali kyamarar ta juyo da kanta, kirrr, ta tsaya a kanta. Yarinyar ta matsa wajen ƙofa. Idon ya bi ta. Ta dawo wajen kujera. Ya sake bin ta.

Tsigar jikinta ta tashi. Ta bar tsintsiyar a nan ta shige ɗaki. Ta so ta gaya wa Mama, amma ta tuna da wayar da ta ɗauka. Sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Washegari a hanyar makaranta, Auta ya jawo mata riga.

"Yaya, mutumin cikin kyamara yana da kirki."

"Wane mutum? Baba ne."

"A'a. Wani ne daban. Ya ce na iya zanen mota."

Ranar ba ta fahimci komai a aji ba. Malama ta kira ta sau biyu kafin ta amsa. Abincin tara ma kasa ci ta yi. Tsoro ne fal a cikinta, amma har yanzu tsoron faɗan Mama ya fi yi mata girma.

Ran Laraba suka dawo gida hadari ya haɗu. Falon ya yi duhu-duhu tun ƙarfe uku. Mama da Baba suna wurin aiki. Kaka tana barci a ɗakinta, ita kuwa ko ganga aka buga ba ta ji.

Yarinyar ta jefa jakarta a kan kujera. Auta ya baje a ƙasa da fensiransa. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar agogon bango.

"Yaya."

Ta daskare. Ba Auta ne ya kira ta ba. Muryar namiji ce, mai laushi, daga kan kabad.

"Yaya, kin sake ajiye jaka a kan kujera. Ai Mama ta hana."

Da ƙyar ta ce, "Wane ne?"

"Ni ne mai gyaran kyamara. Bidiyonki ya yi kyau ƙwarai. Kin iya magana." Muryar ta yi 'yar dariya. "Amma taku ta ɗan samu matsala. Gobe war haka zan zo in gyara, ke dai ki buɗe min ƙofa. Kada ki gaya wa Mama. In kin faɗa, za ta gane kin ɗauki wayarta, ko ba haka ba? Mu bar shi tsakaninmu."

Yarinyar ta ja da baya.

Idon ya juya, kirrr, ya sauka kan Auta.

"Auta, abokina. An ce kai ne mai ƙoƙari a gidan nan. Ka san adireshin gidanku kuwa?"

Auta ya miƙe tsaye yana murna. Mama ta koya masa adireshin tun bara, don ko da ya ɓata a kasuwa. Yana alfahari da shi ƙwarai, kowa ya zo sai ya karanta masa. Ya haɗa hannuwa a baya kamar a gaban malama.

Ya faɗi sunan unguwa.

"Madalla," in ji muryar. "Sai me?"

Ya faɗi sunan layi.

"Yauwa, yaron kirki. Saura lambar gida."

Auta ya buɗe baki.

Yarinyar ba ta san lokacin da ta tsallake teburin ba. Ta kama igiyar wutar ta fizge ta daga bango. Fitilar ta mutu. Kyamarar ta faɗo kan kujera, idonta yana kallon silin.

Auta ya fashe da kuka. "Ban gama ba!"

Ta rungume shi ƙam, ita ma tana kuka. Ta duba ƙofa, ta ƙara sa sakata. Sannan ta ruga ta girgiza Kaka.

"Kaka, tashi! Ara min wayarki, Mama zan kira."

"Lafiya, 'yar nan? Kin ga fuskarki kuwa?"

Da Mama ta ɗauka, yarinyar ta faɗi komai. Ba ta rage ko ɗaya ba, har wayar da ta ɗauka ran Asabar, har shirun da ta yi kwana biyu.

"Kada ku buɗe wa kowa," in ji Mama. "Ga ni nan zuwa."

Kafin ruwa ya sauko, Mama da Baba sun iso. Baba ya ɓare takardar daga ƙasan kyamarar ya yayyaga ta. Ya kira mai shago, aka cire bidiyon daga zauren. Aka kuma gargaɗi sauran masu kyamarar su canza lambobinsu. Washegari Baba ya kai rahoto wurin 'yan sanda, suka riƙa zagaya layin har mako guda. Babu wanda ya zo.

Baba ya sa sabuwar lamba mai tsawo, ya sa Mama ta haddace. Ya ce, "Ni ma da laifina. Bai kamata in manna ta inda ido zai gani ba."

Amma yarinyar ba ta tsira daga hukunci ba. Wata guda cur ba ta taɓa waya ba, ko wasa. Ita ce kuma ta zauna da Auta tana koya masa cewa ba kowa ake karanta wa adireshi ba. Ta sha wuya, don Auta akwai tambaya.

Ranar da hankali ya kwanta, Mama ta zaunar da ita tana taje mata kai.

"Mama, kin ji haushina?"

"Na ji, sosai ma. Ɗaukar wayata laifi ne. Nuna lambar sirri ga mutanen da ba ki sani ba ya fi shi. Amma shirun nan shi ya fi ba ni tsoro. Da kin faɗa tun ran Litinin, da mutumin bai ko ji muryar ƙanenki ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Tsoron faɗanki na ji."

"Faɗana na minti biyar ne, ya wuce. Ki riƙe wannan. Duk wanda ya ce miki kada ki gaya wa Mama, to maganarsa ce za ki fara kawo min, a guje."

"Ko na yi laifi?"

"Musamman ma in kin yi laifi."

Daga ranar yarinyar ta gane abu biyu. Sirrin gida ba na nuna wa duniya ba ne. Kuma idan ka yi kuskure, ka faɗa wa iyayenka da wuri, tun bai girma ba.

Ta jingina da gwiwar Mama, ta ji zuciyarta wasai a karo na farko cikin mako guda. A tsakar gida Auta yana tsalle cikin ruwan da ya taru, yana kiran ta ta zo ta gani.