Mabiyiyar Ummu

"Ina mabiyiyar jikata?"

Inna Tabawa ce ta tare Adawiyya da wannan tambaya, ko takalmi ba ta cire ba. Tsohuwar har ta haƙa rami a bayan ɗaki, don a gidansu na Belbeji ba a taɓa haihuwar ɗan da ba a binne mabiyiyarsa a ƙasar gidan ba.

Adawiyya ta dubi mijinta Almustafa...

Ya sunkuyar da kai.

Can ƙasar waje da aka kai shi dashen hanta Adawiyya ta haifi Ummu. Ƙaninsa Rissa ya ba da yankin tasa hantar, amma likitoci suka ce inda ake ɗinke bututun ruwan matsarmama yakan yi yoyo, yanzu kuwa suna gwada naɗe wurin da tantanin mabiyiya. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce a ɗauki tata.

Da ya farfaɗo ya ji, sai ya kama hannunta yana hawaye.

"Zumata... ki rufa min asiri. In 'yan kasuwar dabbobi suka ji abin haihuwar mace ne a cikina, na gama ɗaga kai."

Ta yi alkawari. So fa, mugun abu!

Shi ya sa ta ce wa surukarta an yar. Gari ya ɗauka, aka ƙara gishiri, wai sayar wa Turawa ta yi. Inna Tabawa ta haɗa mata kaya ta ce ta koma gidansu Gangara. Shi kuwa gogan yana kwance yana ji, bakinsa kamar an ɗinke. Wallahi wannan shirun ya fi korar yi mata ciwo.

Kullum saƙonsa ɗaya ne a waya: ta yi haƙuri, in ya ƙara jin ƙarfi zai faɗa wa Inna. Ɗinkin ya riƙe lafiya lau, hantar ce jikinsa ya ƙi karɓa. Kafin lokacin kaka Almustafa ya rasu, bai faɗa ba.

Ta iso da goyonta an dawo daga maƙabarta. Ramin nan yana nan a bayan ɗaki, kaji sun mai da shi wurin birgima. Ta durƙusa gaban tsohuwar, ta yi mata gaisuwa, idonta a bushe.

"Inna, a cike ramin can. Mabiyiyar Ummu tana cikin ɗanki... ɗazu kuka binne ta."