Hoton Kwankwason Khamin

Ƙarfe takwas na safiyar Alhamis Kawu Chamnan ya faɗo ofishin 'yan sanda yana haki. Duk Bang Rakam babu wanda bai san shi ba, shekara talatin yana kiwon karnuka masu tsada, irin da ake kira Bangkaew.

"An sace mini Khamin! Kuma na san ɓarauniyar, Likita Araya ce."

Sufeto Wanpen ta ture ledar busasshiyar ayabar da take ci. Mace ce mai naci, in ta kama magana sai ta ga ƙwal uwar daka.

"Zauna, Kawu. Likitar dabbobi me za ta yi da karenka?"

"Ranar Talata na kai shi hoton kwankwaso, don ƙungiyarmu ta masu kiwo ba ta yarda a yi barbara da kare sai an ɗauka. Ta ce wai ƙashinsa ya goce. Ƙarya ce! Hoton wani kare ta nuna mini, ta ga zan kai shi wani wuri a sake hoton, ta ɗauke shi. Na riga na kai ƙara hukumar likitoci, Litinin za su zauna a kan lasisinta."

Suka je gidan Kawu. Sufeto ta tsuguna gaban kejin karen, ta jujjuya kwaɗo. Lafiyarsa ƙalau.

"Ina kwanon abincinsa?"

"Da shi aka tafi."

"Da bargon?"

"Da shi."

"Tabɗi! Wannan ɓarawo akwai tausayi."

Kawu bai yi dariya ba.

A asibiti ta tarar da Likita Araya idanu sun kumbura. Tun safe mutum huɗu sun zo sun kwashe dabbobinsu, ga shi magana a garinmu ba ta kwana.

"Nuna mini hoton," in ji Sufeto.

Likita ta kunna allo. "Muna sa masa barci, mu kwantar da shi rigingine, mu miƙe ƙafafun baya. Dubi nan, Yaya. Kan ƙashin cinya ya kamata ya zauna cikin raminsa kamar taɓarya a turmi. Na Khamin a bakin turmin yake. Watansa goma sha huɗu, yanzu yana gudu, amma nan da shekara biyu tashi ma sai ya yi kuka."

"Gado ne?"

"Yawanci. Kuma uba ɗaya ne da duk 'yan kwikwiyon da Kawu ya sayar bara da bana. Na ce a kira masu su, a duba su da wuri."

"Ya ce me?"

"Ya ce yarinyar da aka haifa jiya ba za ta koya masa kare ba."

"Da me za ki tabbatar hoton nan na Khamin ne?"

Likita ta sunkuyar da kai. "Sai an sake ɗauka. In babu karen, maganata ce da tasa. Wa zai ji tawa?"

Sufeto ta fito ranta a ɓace. Ta san mutanenta: dattijo irin Chamnan zai iya sharara ƙarya, amma ba zai kashe kare ya ɗauki alhaki ba. Wanda ya gaji da dabba a nan, haikali yake kai ta, wurin ibada inda malamai ke ciyar da dabbobin da aka yasar.

Ta hau babur. Ranar nan ta zaga haikali shida, Juma'a takwas, ta sha rana da haushin karnuka har kanta ya yi ciwo. Asabar da hantsi, a wani ƙaramin haikali can bayan gonakin shinkafa, ta hangi kare fari mai ɗigon ruwan ƙasa kwance a kan bargo.

"Khamin!"

Ya ɗago kunnuwa.

Ta durƙusa ta haɗa hannu ta gaida tsohon malamin haikalin da laƙabin girmamawa. "Luang Pho, wa ya kawo shi?"

"Ba na tambayar suna, 'yata. Wani dattijo ne, ya zo da sadakar buhun abincin karnuka. Ya roƙa a kai ladan ga matarsa da ta rasu, na ce ya rubuta sunanta don in ambata."

Buhun na jingine da ginshiƙi. An rubuta da baƙin alƙalami: Bunruean. Sufeto ta halarci ƙona gawar matar nan shekara uku da suka wuce, mijinta Chamnan na gefe yana kuka.

Da yamma ta sa aka kawo Chamnan da karen asibiti. Khamin na kan tebur cikin barci, Likita ta miƙe ƙafafunsa, na'ura ta yi ƙara. Hoton ya fito, aka jera shi da na Talata. Ko makaho ya shafa ya san ɗaya ne.

Sufeto ta dire buhun a gaban Chamnan.

"Rubutun wa ne, Kawu?"

Ya daɗe yana kallon sunan. Sai ya zauna a ƙasa daɓas.

"Nawa ne. Ba zan iya barinsa da yunwa ba." Ya share fuska. "Gida arba'in da ɗaya na sayar wa jininsa. Da wane ido zan ce musu shekara talatin ban gane ba?"

"Sai ka zaɓi ka kashe wa yarinya sana'a? Haba Kawu! Ƙarar ƙarya ce da ƙazafi. Tashi."

A bakin ƙofa ya tsaya, bai iya duban Likita ba.

"Zai gurgunce?"

"In an rage masa ƙiba, ana sa shi iyo, zai daɗe yana tafiya. Sauran ma haka, in an same su da wuri."

Ya juya ga Sufeto. "Kafin ki rufe ni, ba ni takarda. Duk gidajen nan na san su da ka."

Ta miƙa masa takarda da biro. A bayan motar 'yan sanda ya fara rubuta sunayen gidajen.