Inda Kwanso Ya Faɗi

Masu tsintar naman kaza ne suka tarar da gawar Bohuslav, mai gadin daji, a bakin tsohon ramin fasa duwatsu da ke bayan Vsetín. Kafin rana ta take, Sufeto Květa Hrubešová tana tsaye a wurin. Ga shatin gwiwar maharbin a laka yana fuskantar gawar, ga kwanson harsasai a gabansa ta hannun dama, bakinsu duk ya lotse.

Masu gwajin harsasai ba su sha wuya ba. Harsasan daga gajeriyar bindigar Radim suka fito, ƙaninta, wanda ta goya tun rasuwar uwarsu. Duk gari ya san sun yi cacar baki da mamacin a kan wani kare. A kulob ɗin maharba kuwa, kowa yakan zura sarƙa ta zoben kunamar bindigarsa ya datse da kwaɗonsa, kuma kwaɗon Radim lafiyarsa ƙalau. Shugabanta ya ce gobe za a wuce da yaron kurkukun Ostrava, ita kuma ta cire hannunta. Wa ya isa ya cire hannu daga jininsa?

"Yaya, ban taɓa shi ba," in ji Radim ta bayan ƙarfe. "Makullin kwaɗon na wuyana, ko wanka ba na cire shi."

"Rufe min baki, sakarai! Wannan maganar ce za ta kashe ka."

Ta fito, ita kanta ta fara zarginsa.

Mutum biyu ke da makullin ɗakin ajiyar bindigogin kulob ɗin. Ta fara da tsoho Oldřich mai gyaran bindigogi, aminin babansu.

"Kawu, ina kake da safen nan?"

"Ni kike tambaya, 'yar nan? Ina asibiti ana ɗiban jinina, je ki bincika. Ni da na gyara wa yaron bindigar a makon jiya?"

"Me ya same ta?"

"Cutar gajerun bindigogi. Iskar harsashi tana dawowa da ƙarfi fiye da kima, sai ta riƙa dukan kafaɗa, tana watsa hayaƙi a ido, tana lotsa kwanso tana jefa shi gaba." Ya ɗauko wani dunƙulen ƙarfe kamar babban yatsa. "Bafa ke nan, mai rage ƙarfin duka, a cikin gindin bindiga take zaune. Na cire marar nauyi na gwada ta tsakiya, ba ta isa ba. Na sa mai nauyi, ta yi laushi kamar auduga. Yanzu a baya take zubar da kwanso."

Květa ta tuna kwanson bakin rami a gaba suka faɗi. A baya. Ta roƙi shugabanta har da hawaye, abin da ba ta taɓa yi ba, ya yarda a kai bindigar filin gwaji. Ta durƙusa ta harba. Kwanson ya faɗi bayan kafaɗarta, sumul, ko ƙwarzane babu.

Sai ta nufi na biyun, Vendelín shugaban kulob, mai gidan abinci a bakin kasuwa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa sai in yana tauna.

"Sufeto, na tausaya miki," ya ce. "Yaron kirki, amma zuciya gare shi."

"Ka taɓa harba bindigarsa?"

"Zai ba ni ne? Ko matarsa ba ta taɓa ta." Ya yi dariya yana murza kafaɗa. "Ban yi asara ba ma. Wannan 'yar guntuwar shuri gare ta kamar jaki."

"Yaushe ta shure ka?"

Dariyar ta yanke. Ta sa aka buɗe tasa doguwar bindigar a gaban shugabanta. Bafa marar nauyi ce a ciki, kuma cikin gindin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin da doguwa ba ta yin irinsa. Květa ta mayar wa bindigar Radim sarƙa, ta tura ƙusoshi biyu, ta zare samanta mai ɗauke da bututu, ta bar gindin ɗaure a sarƙarsa. Ta ɗora saman a kan gindin Vendelín, ta harba. Ta sha duka a kafaɗa, kwanson ya yi gaba da lotsattsen baki.

"Sarƙa gindi kawai take riƙewa," ta ce. "Saman shi ke barin shaida a jikin harsashi, shi ka ara don a kama ƙanena, ka mayar kafin kowa ya zo. Ka manta nauyin da Kawu ya sa yana cikin gindin da ka bari."

Aka duba firjin gidan abincinsa, sai ga naman barewar da ba a ba kowa izinin harbi ba. Bohuslav ya gano shi, ya kuma ce zai kai ƙara. Rana dubu ta ɓarawo, Vendelín bai ƙara murza kafaɗa ba.

Da kanta ta buɗe wa Radim ƙofa. Ya fito, ya tsaya yana kallonta.

"Yaya, ɗazu da kika ce in rufe baki, kin ɗauka ni ne?"

Květa, wadda ta yini tana matse amsa daga bakin mutane, ta miƙa hannu za ta gyara masa wuyan riga kamar yadda take yi yana yaro. Ya ja baya kaɗan, ya gyara da kansa.