Zoben Zulai'atu

Lokacin da Sufeto Cindo ya isa bakin kogi a Yelwa, an riga an fasa wa wani mai dabo baki. Yana zaune a ƙasa tsakanin kwandunan kifi, ya rungume hannunsa na dama. Kusa da shi wata mata ce tsaye riƙe da zobe, tana kuka. Wasu 'yan acaɓa sun kewaye motar masu ɗaukar shirin talabijin, ana ta neman fetur.

Sufeto ya shekara talatin da ɗaya a aikin ɗan sanda, gwiwarsa ta hagu kuma ta daina son gudu. Ya shiga tsakiyar taron a hankali, ya jingina da motar.

"Wanda za shi ƙone ta, sai shi haɗa da ni," in ji shi. "Na gaji da tsayuwa dama."

Aka yi 'yar dariya, hayaniya ta lafa. Ya kwashe mutum uku zuwa ofis: mai dabo, mai zobe, da shugabar shirin.

Shugabar, Rebecca, ita ta fara bayani. Shirinsu na dabon kan titi ne. Mai dabonsu, Zaharaddeen, yakan ari wani abu a hannun ɗan kallo, ya ɓatar da shi, ya fito da shi a inda ba a zata ba. Yau zoben zinarin wata mai sayar da busasshen kifi ya ara, Zulai'atu. Ya yanka tarwaɗa, zobe ya fito daga cikinta. Sai dai bakin wuƙa ya karci zoben, jan ƙarfe ya bayyana a ƙarƙashin ruwan zinari.

"Kun san matar kafin yau?"

"Yallaɓai, ba ma shirya kowa. Wanda aka shirya da shi, fuskarsa takan nuna, masu kallo su gane. Kyamara biyu muke kafawa, ɗaya a kan Zaharaddeen, ɗaya a kan jama'a. Ta jama'ar ce abincinmu."

"Yaushe kunka shigo gari?"

"Yau da safe, daga Shanga. Ngaski muka nufa, ruwan sama ya ɓata hanya, muka tsaya nan."

Sufeto ya kira wani abokin aikinsa a Shanga, ya tabbatar masa can suka kwana. Ya sa aka shigo da Zaharaddeen. Yatsunsa biyu sun kumbura, sun karkace.

"Gaya mini yadda kake yi."

"Sirrin sana'a ne, Yallaɓai."

"Sirrin ya kusa kai ka lahira."

Zaharaddeen ya sunkuyar da kai. Ya ce zoben ba ya barin tafin hannunsa. Jama'a na kallon hankicin da ya kaɗa, shi kuwa yana tura zoben cikin kifi a daidai lokacin da wuƙa ta shiga. An caje aljihunsa da jakarsa, ba a sami komai ba sai kati da tsabar kuɗin wasa. Wannan bai wanke shi ba, domin mai irin hannunsa yana iya jefa zobe ko'ina.

Sufeto ya ɗaga zoben wajen taga. Aikin tsohon maƙeri aka kwaikwaya, ɗigo bakwai kewaye da ganye. Ya kira Zulai'atu.

"Na innata ne," ta ce. "Shi kaɗai ta bar min. Haka zanenshi yake, amma nawa zinari ne."

"Sa shi in gani, Malama."

Ya shiga yatsanta daidai. Da ta cire, Sufeto ya ce ta buɗe hannun sosai. A gindin yatsan akwai wani zagaye kore-kore.

"Wanga tabo fa?"

"Ya kai wata biyu. Na ɗauka gishirin kifi ne."

"Kin taɓa tuɓe zoben?"

"Ko wanka da shi nake." Ta shafa yatsan. "Sai dai kafin azumi. Yatsan ya kumbura, maigidana ya kai shi Kontagora aka buɗa shi. Kwana takwas ya yi."

"Wane maƙeri?"

"Shi ya sani."

Sufeto ya murza idanunsa. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba sai shayi. Ya ce wa Rebecca ta kunna masa hoton kyamarar jama'a, Zulai'atu ta zauna gefe.

Fuskoki kamar arba'in suka cika kwamfuta: masunta, mata masu talla, 'yan dako. Muryar Zaharaddeen ta ce, "Hajiya, ara mini zobenki." Kowa ya yi murmushi, ban da wani dogon mutum mai malafa a can baya. Shi ya ɗaga hannu kamar mai son hana ta, ya yi taku biyu gaba, jama'a suka tare shi.

"Wane ne wancan?"

"Malam Sahabi ne, maigidana. Jirgin fito gare shi."

Zobe ya fito daga kifi, wuri ya kaure da salati da tafi. Mai malafa bai tafa ba. Sai wata murya ta keta hayaniyar: "Ɓarawo! Ya musanya shi!"

Sufeto ya sa aka mayar baya sau uku, aka jera hoton da na ɗaya kyamarar. Daga nan ya aika a zo da Sahabi.

Sahabi ya shigo da malafarsa a hannu, ya ƙi kallon matarsa.

"Sunan maƙerin Kontagora nake so."

"Na mance, ranka shi daɗe."

"Wace unguwa?"

"Wajen kasuwa."

"To. Ina kake tsaye ɗazu?"

"Can baya, kusa da masu gishiri."

"Taku nawa zuwa teburin kifi?"

"Za shi kai ashirin."

"Daga taku ashirin ka hango karce a jikin zobe?"

Sufeto ya juya kwamfutar ta fuskance shi.

"Bari in taƙaita, don duka mun gaji. Wanga zobe an ƙera shi ne da zanen na asali, da faɗin yatsan matarka. Baƙon da ya shigo gari yau da safe ba shi iya wannan. Jan ƙarfe kuma ba shi rina yatsa cikin minti biyar, sai ya daɗe a jiki. Ke nan jabu ta ba mai dabo, jabu ya mayar mata. Saura mutum biyu, kai da maƙeri. Da maƙeri ne ya cuce ku, da kai ma ba ka sani ba, da ka tafa kamar kowa. Amma dubi nan. Ka yi ihun ɓarawo zoben na hannun mai dabo, jini ya rufe shi. Ita kanta ba ta ga karcen ba sai da ta goge shi da zane, bayan ihunka. Ka ga wuƙa ta ci karo da ƙarfe, ka san asiri ya kusa tonuwa, ka riga kowa nuna wani."

Fanka ta tsaya, an ɗauke wuta. Sahabi ya zauna a kan benci ba tare da an ba shi izini ba.

"Injin jirgina ya faɗa ruwa a Kainji," ya ce a hankali. "Sabon da nika aiki da shi yanzu, kuɗin zoben ne. Na ce in kaka ta yi kyau in ƙera mata wani, ba ta sani ba."

"Ka ce min ƙanenka ya ba ka injin," in ji Zulai'atu. Muryarta ba ta tashi ba. "Malam, da ka tambaye ni, da na tuɓe na ba ka."

Ta dubi ƙofa, inda Zaharaddeen ke zaune ana ɗaure masa yatsu da tsinke.

"Kana tsaye sunka taka mashi hannu?"

Sahabi ya rufe fuska da malafa.

Sufeto ya jawo takarda ya rubuta laifi biyu, sata da tunzura jama'a. Ya ce na farkon yana hannun Zulai'atu, in ta ga dama ta janye. Na biyun ba nata ba ne, kuma ba zai janyu ba. Ya sa a kai Zaharaddeen asibiti a motar ofis. Da Rebecca ta tambaya ko yatsun za su koma daidai, ya ce shi ba likita ba ne.

Rebecca tana naɗe wayoyin kyamara, Zulai'atu ta taɓa mata kafaɗa.

"'Yar'uwa, sake kunna min wurin da ya ce in ara mashi zoben."

Rebecca ta dubi Sufeto, ya ɗaga mata kai. Fuskar Sahabi ta sake fitowa, hannu a sama, baki buɗe, tsoro ya cika idanunsa. Zulai'atu ta matso da kujera, ta daɗe tana kallo.

"Shekara goma sha tara muna tare," ta ce. "Ban taɓa ganin wagga fuska ba."